Kafin Mota Ta Iso: Abin Da Girgizar Ƙasa Ta Koya Wa Masu Agajin Ƙauye

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Azarori, da na sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita.

Yau ba zancen iri ko taki za mu yi ba. Zancen girgizar ƙasa ne. Na san wani zai aje takardar nan ya ce malamin gona ya rasa abin faɗi, ina mu ina girgizar ƙasa? Yi haƙuri, ɗan'uwa, ka karanta har ƙasa, ko ka sa yaro ya karanta maka. Za ka ga zancen ya biyo ta ƙofar ɗakinka.

Gaskiya ne ƙasarmu ba ta cikin wuraren da ke yawan girgiza. Masana sun nuna ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Fale-fale ne manya-manya, kamar sakaina da aka jera, kuma suna motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farcen mutum ke tsiro. Inda biyu suka haɗu suna gogayya, nan ƙarfi ke taruwa shekara da shekaru. Ran da dutse ya kasa riƙewa sai ya ɓalle, ƙasa ta kaɗa. Mu Allah ya aje mu a tsakiyar falan Afirka, nesa da bakinsa. Duwatsun Adar da kuke gani wajen Buza da Keita, laka ce da farar ƙasa da suka kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku. Shi ya sa yara masu kiwo ke tsintar katantanwar dutse a bisa tudu, shi ya sa kuma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza.

Amma nesa da baki ba ya nufin babu. A 1939 ƙasa ta girgiza a Ankara ta ƙasar Gana, ta kashe mutane. A Najeriya an ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a 2018. Wadda ta fi muni a yammacin Afirka cikin zamaninmu ita ce ta ƙasar Gine, ran 22 ga Disamba 1983, da asuba, a yankin Kumbiya kusa da Gawal. Manoma ne da makiyaya irinmu, ba su taɓa sa abin a ransu ba. Ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka wayi gari ba ɗaki.

Wadda nake so ku riƙe ita ce ta Maroko. Ran Juma'a 8 ga Satumba 2023, ƙarfe 11 na dare da 'yan mintoci, ƙasa ta kaɗa a duwatsun Atlas, lardin Al Hawuz, kamar kilomita 70 daga birnin Marrakesh. Ƙarfinta 6.8 a ma'aunin masana. Kusan mutum 3,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙauyukan kan dutse. Duwatsu suka gangaro suka toshe hanyoyi. Sojoji da masu agajin ƙasar suka tashi, ƙwararru suka zo daga Sifen, Ingila, Katar da Daular Larabawa, da karnuka da na'urori. Amma akwai ƙauyukan da sai bayan kwana biyu ko uku mota ta farko ta isa. Su wa suka yi tono a daren? Maƙwabta, da hannu da diga da fitilar salula.

Ga kuma abin da ƙwararrun suka lura da shi. Ginin siminti da ƙarfe in ya faɗi yakan bar kogo, mutum ya kwana uku a ciki yana numfashi. Ginin ƙasa kuwa marmashewa yake yi, ya cike ko'ina, ba ya barin iska. Ɗakunan mutanen Atlas na ƙasa ne da dutse da itace. To, kai fa, da mene ne aka gina naka?

Girgizar da muke da ita

Mu yi lissafi tare. Soro mai mita 3 a faɗi, mita 4 a tsawo, ƙasar rufinsa kaurin santimita 20. Wannan ƙasa ta kusa tan 4 tana busasshiya. Wato buhu 40 na hatsi, mai kilo ɗari-ɗari, suna rataye bisa kanka da iyalinka kowane dare, azara ce kaɗai ke riƙe da su. In ta sha ruwan kwana biyu ta fi haka nauyi. Kowace shekara kuma ana ƙara yaɓe a bisa, ba wanda ke rage na da. Gara tana cin azara ta ciki. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta. Kwata tana cin gindin bango. Ba sai ƙasa ta motsa ba.

Damanar 2024 ta nuna mana. Bisa ƙidayar hukuma, kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, wasu ruwa ya ci, wasu gini ya danne, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa. A ƙarshen watan takwas ruwan yini ɗaya ya yi ɓarna mai yawa a birnin Maraɗi. Ran 3 ga Satumba tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya zube. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, saboda waɗanda suka rasa gidaje a azuzuwa suke kwana. Kafin wannan, a watan Nuwamba 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman cikin komin ɗin Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu.

Ga wanda ke ƙarƙashin ƙasa, duk ɗaya ne ko girgiza ce ta kada ɗakin ko ruwan watan takwas. Iska yake nema. Ƙwaƙwalwar mutum in ta rasa iska minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Ba motar da za ta taso daga Madawa ta iso Azarori cikin minti 6, ko da rani ne hanya na bushe, balle dare ne gulbi ya kawo. Wannan ba laifin kowa ba ne. Ko ƙasar Japan, da duk dukiyarta, haka abin ya kasance. A girgizar birnin Kobe, ran 17 ga Janairu 1995, mutum fiye da 6,000 suka rasu. An ƙiyasta waɗanda gini ya danne suka kasa fita da kansu sun kai 35,000. Kusan 27,000 daga cikinsu dangi da maƙwabta suka fiddo su. 'Yan kwana-kwana da 'yan sanda da sojoji, dukansu a haɗe, sun fiddo kamar 8,000.

Sai dai kada a ɗauka zuciya kaɗai ta isa. A girgizar birnin Meziko, ran 19 ga Satumba 1985, mutanen gari sun yi ta maza, an ƙiyasta sun ceto kamar mutum 800. An kuma ƙiyasta kamar 100 daga cikin masu ceton sun mutu garin ceto. Gini ya ƙara zubowa a kansu. Wannan na cikin abin da ya sa 'yan kwana-kwanan birnin Los Anjelas na Amurka suka shiga koya wa mutanen unguwa aikin ceto, tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Maƙwabci zai zo, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Abin tambaya shi ne, in ya zo, ya san abin da zai yi?

Mun taɓa yin irinsa

Ku tambayi tsofaffinku zancen sekuris da matron. Tun cikin shekarun 1960, da aikin animasiyo, aka fara a jihar Maraɗi, daga baya abin ya kai sauran jihohi har da tamu ta Tawa. Gari ne ke zama ya zaɓi mutanensa. A kai su gidan likita su yi kamar kwana 10 suna koyo, su komo da akwatin magani: nibakin, asfirin, jan maganin miki da maganin ido. Ba su da albashi. Aikin ya yi suna har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa labarin Maraɗi cikin wani littafi da ta buga a 1975, shekara uku kafin babban taron Alma-Ata kan kiwon lafiya a matakin farko. Ƙungiyar agaji ta Kurwa-Ruj ta Nijar kuwa tun 1963 aka kafa ta, har yau tana horar da masu agajin farko.

Tsofaffin za su gaya muku kuma yadda abin ya yi sanyi a garuruwa da yawa. Magani ya ƙare ba a sake ba. Mai zuwa duba aiki ya daina zuwa. Sekuris ya gaji da aikin kyauta, ya tafi bida. Akwatin ya koma ma'ajin goro. Yau muna da kaz-sante, muna da gidajen likita na CSI, muna da masu shiga gida-gida, a wurare da dama kuma akwai kwamitocin faɗakarwa na SCAP-RU masu kai rahoto komin. Amma ku lura, duk waɗannan an fi koya musu zancen zazzaɓi, tamowa da ƙarancin cimaka. Fiddo mutum daga ƙarƙashin soro wani ilimi ne daban.

Wa za a zaɓa?

Nan ne ake yawan ɓata aikin tun ba a fara ba. In aka ce a ba da suna, sai a ba da ɗan mai gari ko wanda ya ji Faransanci. Ana gama girbi ya kama hanyar Abijan ko Libiya ko Legas, ya tafi da ilimin a aljihu. Mu 'yan Adar mun san kanmu da tafiya, ba abin kunya ba ne, amma a yi lissafi da ita.

A zaɓi wanda ke kwana a gari shekara duka. Magini ya fi kowa sanin bangon da zai biyo, da kallo kawai. Mai ginar rijiya ya san igiya, ya san ƙasa mai zubowa, ba ya firgita cikin rami. Mai amalanke da ɗan kabu-kabu su ne motar asibitinmu. Maɗori da wanzami suna taɓa jini da ƙashi dama, kuma wajensu mutane za su nufa ko an so ko ba a so. Gara a jawo su cikin horon da a bar su waje suna gyara abin da aka koyar. Mata kuwa, ni a ganina rabin ƙungiyar nasu ne. Su ke gida da rana lokacin da maza ke gona. Su suka san ɗakin da kowane yaro ke kwana. Kuma macen da aka fiddo tufafinta a yage, hannun 'yar'uwarta mace take so. A nan Azarori da Galma, inda Hausawa da Kel Geres ke zaune tare, a tabbata cikin ƙungiya akwai mai jin Tamajak. Wanda ke cikin azaba da harshen uwarsa yake kuka. Zangon makiyaya da ƙananan tungaye su ma kada a mance da su, su suka fi nesa da hanya.

Mutum 8 ko 10 sun isa gari matsakaici, muddin ba unguwa ɗaya suka taru ba.

Abin da hannu zai koya

Darasi na farko shi ne tsayawa. Yana da wuya, don zuciya gudu take so. Mai agaji ya iso, ya tsaya, ya ɗaga fitila ya dubi abin da ya rage a tsaye. Bangon da ya karkata ko azarar da ke lilo, a tokare su ko a kauce musu. Inda ƙasa ke girgiza, ƙananan girgiza kan biyo bayan babbar su ƙarasa abin da ya tsage. Mu namu, bangon da ya sha ruwa yana iya zubewa bayan an ɗauke ruwan, har rana ta fito. Saboda haka a aje mutum ɗaya wanda ba ya tono, aikinsa kallon bango kawai. In ya yi tsawa kowa ya ja da baya.

Na biyu, mutum ɗaya ke ba da umurni. Taron da kowa ke magana ba ya fiddo kowa. A kori 'yan kallo baya, kuma kada kowa ya hau bisa tarin ƙasar. Nauyin ƙato biyar a bisa yana iya rufe ɗan kogon da yaro ke numfashi a ciki. A tambayi masu gida: mutum nawa ke ciki, ina gado yake, ina tabarmar yara? Sannan a yi tsit. Ƙwararrun duniya duka haka suke yi, a kashe inji, a hana magana, a kira sunan mutum, a saurara. A ƙwanƙwasa, a sake saurarawa. Uwa tana kururuwa, ba mai ganin laifinta, amma wata ta riƙe ta ta kai ta gefe. Minti ɗaya na shiru ya fi rabin awa na tonon inda ba kowa.

Diga da shebur na gefe ne. In an kusa inda ake zaton mutum, sai hannu da kwano da ƙwarya. A yi layi, bokiti na bin hannu, ana zubar da ƙasar nesa, ba bisa wani ɓangaren ɗakin ba. Azarar da ta danne mutum ba a fizgarta. A sa doguwar sanda mai ƙarfi bisa dutse a ɗaga kaɗan, a cusa tubali ko guntun itace, a ƙara ɗagawa, a ƙara cusawa. Ko sandar ta kuɓuce, azarar ba za ta komo kansa ba. Da an ga mutum, kai da ƙirji ake fara buɗewa, ba ƙafa ba. A share ƙasar baki da hanci. Kada a kama hannu ko ƙafa a ja. Wanda rufi ya faɗo wa, a ɗauka wuyansa ko bayansa ya taɓu, musamman in ya ce ba ya jin ƙafafunsa. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe kamar itace, a aza shi bisa ƙyauren ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle mai karyayyen baya. Naɗe shi cikin zane a saɓa a kafaɗa ya gurgunta mutanen da soron bai gurgunta ba.

In waɗanda suka ji ciwo suna da yawa, wa za a fara dubawa? Ba mai ihu ba. Mai ihu yana numfashi. A fara da wanda ya yi shiru, da wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, don kada amai ko harshe ya toshe masa maƙogwaro. Wanda ba ya numfashi, akwai dannar ƙirji da hura iska, danna 30 hurawa 2. Wannan kam ba a koyonsa a takarda. Sai majo ko malamin Kurwa-Ruj ya kama hannunka ya nuna maka, ka yi, ka sake.

Jini, a danne shi da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a aza wani a bisa. Ƙasa, toka, kashin shanu, garin batir, man birki, ba ɗaya da ke shiga miki. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki ya ɗaure muƙamuƙi, cikin ƙasa da kashin dabba take zaune, kuma duk mikin da aka samu ƙarƙashin gini da ƙasa a cikinsa. Ko ƙarami ne, a wanke da ruwa da sabulu, a je a yi allura. Karaya kuwa, karan dawa da tsumma sun isa a tallafe ta yadda aka same ta. Ba ja, ba gyara, ba ɗauri mai tsanani. In yatsu suka yi sanyi ko suka kumbura, ɗaurin ya yi yawa, a sassauta. In ƙashi ya huda fata, wannan aikin asibiti ne, ba na gida ba.

Akwai wani abu guda da mutane kaɗan suka sani, ina roƙonku ku riƙe shi. Mutumin da nauyi ya danne wa cinya ko hannu awa ɗaya, biyu ko fiye, ana fiddo shi yana magana, yana godiya, har ya taka da ƙafarsa. Kowa ya ce ya tsira. Bayan kwana ɗaya ko biyu fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, ya ragu, ya ɗauke. Naman da ya daddatse ne ke sakin dafi cikin jini, dafin ya toshe ƙoda, wani lokaci ya tsai da zuciya. Wannan ya kashe mutane da yawa bayan manyan girgizar ƙasa, mutanen da an riga an yi murnar fiddo su. Maganinsa ƙarin ruwa ta jijiya, da wuri. Saboda haka duk wanda ya daɗe a danne, asibiti za shi ko ya ce lafiyarsa lau, kuma a gaya wa likita awa nawa ya yi. In hanya da nisa, yana cikin hankalinsa, ba ya amai, cikinsa bai ji ciwo ba, a riƙa ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan.

Rijiya ma a sa ta cikin horon. Masu garkar albasa a fadamar Tarka da Magiya sun san yadda ake saukar da injin ban-ruwa cikin rami in ruwa ya yi ƙasa. Hayaƙinsa na taruwa a ciki, dafinsa ba ya wari. Mutum ya sauka ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ya faɗi, na uku ya bi. A kashe inji, a kaɗa iska da tabarma ko a yi ta saukar da ganye ana jawowa, kuma ba mai sauka sai da igiya a ƙugu da mutane riƙe da ita a bisa. Gulbi in ya kawo, haka nan: a jefa igiya ko jarka, kada a faɗa. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kada ƙato.

Bayan an fiddo mutane aiki bai ƙare ba, amma nan jama'armu ba ta buƙatar dogon bayani, mun iya karɓar juna. Abu biyu kawai zan ƙara. Gawar wanda gini ya kashe ba ta kawo annoba, likitocin duniya sun tabbatar. A yi mata sutura cikin mutunci, amma mai rai ne gaba. Abin da ke kawo annoba shi ne salgar da ta cika ta malala cikin rijiya. Ba mu mance da kwalarar 2021 ba, wadda ta taɓa Maraɗi, Damagaram da jiharmu. Ruwan sha a tafasa, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda majo ya nuna, a jira minti 30.

Horo na gaskiya da na hoto

Na zauna cikin horo iri-iri, kamar yadda wasunku suka zauna. Akwai wanda ake yi a birni, cikin ɗaki mai sanyi, kwana uku, da harshen da rabin mutane ba su ji. A raba riga da hula da kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata shida ka tambayi mutum yadda ake kwantar da wanda ya suma, sai ya ce yana cikin kayen da ya bari a gida. Ban ce masu shirya shi ba su da niyyar alheri ba. Amma abin da kunne kaɗai ya ji ba ya fitowa ƙarfe 2 na dare cikin ruwa da duhu. Abin da hannu ya saba shi ke fitowa.

A yi horon a cikin gari, a kangon da ya riga ya faɗi, da Hausa da Tamajak. A cika buhu da yashi a sa masa riga, a rufe shi ƙarƙashin ƙasa da azara, a ce ƙungiya ta fiddo shi. Mai agogo ya duba minti nawa. A sake da dare. Wanda ya taka tarin ƙasa a tsai da shi a gaban kowa, a yi dariya, ba zai ƙara ba. Mutanen Japan sun ware ran 1 ga Satumba kowace shekara don irin wannan gwaji, tunawa da girgizar 1923. Mutanen Meziko suna yin nasu ran 19 ga Satumba. A 2017 girgiza ta sake samunsu a wannan rana daidai, kamar awa biyu bayan sun gama gwajin. Mu lokacinmu a fili yake: watan biyar, bayan sharar gona, kafin ruwan shuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan zagayen ne kuma magini zai bi gida-gida ya dubi azara da indararo, ya nuna ɗakunan da bai kamata a kwana cikinsu ba daren babban ruwa. Mai irin wannan ɗaki ya san tun yanzu inda zai kai iyalinsa, ya kuma raba irin shukarsa gida biyu.

Kayan aiki ba sai an jira furoje ba. Shebur 4, diga 2, bokiti, igiya mai ƙarfi mita 20 ko 30, tocila da batir, sabulu, tsummoki wankakku cikin leda, tsohon ƙyaure, usur ko ganga. Kuɗinsu bai kai na rago ɗaya ba, ƙungiyar manoma ko asusun mata na iya ɗauka. Wahalar ita ce su zauna inda aka aje su. Shebur ɗin agaji in aka ara don kwaɓa ƙasa, ba ya komowa. A shafa musu jan fenti, a aje su inda ba a kullewa da makulli ɗaya, a kuma naɗa wanda zai ƙirga su kowane wata.

Sai kira. A rubuta lambar majo, ta mai motar asibiti, ta komin da ta jandarma a bangon masallaci da na lakwal. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. A san tudun da rezo ke kamawa in na gari ya ɗauke. Mai kira ya koyi faɗin abu huɗu ba tare da kuka ba: wane gari da wace unguwa, me ya faru, mutum nawa kuma yaya suke, wace hanya ce ke biyuwa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci a ƙasarmu ta gulabe. In mota ba ta iya ƙetarowa, a gaya wa direba inda amalanke zai tarye shi, a shimfiɗa katifa ko ciyawa a ciki, a tafi sannu.

Masu gari da hakimai, ku zauna da jama'arku a wannan rani ku fidda sunaye, maza da mata, kowace unguwa da kowane zango. Ku kai takardar komin, ku kai kwafi gidan likita, ku nemi a turo muku mai koyarwa daga can ko daga reshen Kurwa-Ruj. In an ce ku turo mutanenku birni, ku roƙa a yi ko da yini ɗaya na ƙarshe a garinku, a kangonku, da kayanku. Ku kuma tsai da ranar da zai komo baɗi tun bai tafi ba.